Darasin Wannan Wata: Gidan Waya da Tafiyar Wasiƙa

Mai bin hanyar Kano zuwa Bichi, ko ta Kano zuwa Ɗambatta, yakan ci karo da tsohuwar Fijo. Wata ta haura shekara talatin a kan titi. Fenti ya koɗe, ƙofa sai an ɗaure ta da igiya, amma tana nan tana kai buhunan gero da wake kasuwar Dawanau. Irin waɗannan motoci, wato Fijo 404 da 504, a Kaduna aka riƙa haɗa su, a kamfanin da ya fara aiki a shekarar 1975. A fadar Kano ma akwai tsofaffin motoci ƙirar Rolls-Royce da ake adanawa, ana fito da su a ranakun biki.

Mai karatu zai ce, to me ya haɗa tsohuwar mota da gidan waya? A biyo darasin sannu a hankali, za a ga inda suka haɗu.

Ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci

A wasu ƙasashe, masu son tsofaffin motoci ƙungiya suke kafawa. A Ingila akwai wadda aka kafa tun 1930. Kowace shekara, a ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba, ana yin jerin gwanon tsofaffin motoci daga birnin Landan zuwa wani gari na bakin teku mai suna Brighton. Tafiyar ta kusa mil 60, ta fi nisan Kano zuwa Ɗambatta. Ba a yarda mota ta shiga sai wadda aka ƙera kafin 1905.

A Amurka ma akwai babbar ƙungiya irin wannan, an kafa ta a 1935. Ita kuma duk motar da ta kai shekara 25 tana iya shiga taronta. Ƙungiyar tana buga mujalla mai suna Antique Automobile sau ɗaya a wata biyu.

'Yan waɗannan ƙungiyoyi ba a gari ɗaya suke ba. Wani yana gabas, wani yana yamma, wasu ba su taɓa ganin juna ba. Mujallar ce take haɗa su. A ciki ake sanar da ranar taro. A ciki mai neman kayan gyara yake cigiya. A ciki kuma ake buga hoton wanda ya gyara motarsa ta yi kyau, a yaba masa. Akwai ma wata jarida a Amurka mai suna Old Cars, wadda kowace shekara take ba da lambar yabo ga mujallun ƙungiyoyin da suka fi tsari. Sunan lambar Golden Quill, wato alƙalamin zinariya.

To amma mujalla ba ta da ƙafa. Gidan waya ne yake kai ta hannun kowane ɗan ƙungiya. Idan ta iso bayan an yi taro an watse, ko ta iso a yage, wahalar edita ta tashi a banza, ko da an ba shi lambar yabo. Shi ya sa ko a can ba a rasa muhawara a kan aikin gidan waya. Wani ya yaba, wani ya kushe.

Irin nasu a ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa akwai ƙungiyoyin da suka yi kama da waɗannan. Su ne ƙungiyoyin zaɓi-sonka da na masu sauraron rediyo. An buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma shirinsa na Zaɓi Sonka ya shiga kowane lungu. Mutum yakan sayi kati, ya rubuta sunayen waɗanda yake son gaisarwa, ya aika. Ranar da aka karanta sunansa, ƙauye duka sai ya ji. Manomi a ƙasar Minjibir yakan yi aboki a Maraɗi ko Kumasi ta wannan hanya, har a kai ga ziyara.

Haka kuma gidajen rediyon ƙasashen waje. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Sunan shirin nan na Amsoshin Takardunku ya isa shaida cewa da takarda ake aika tambaya a wancan lokaci. Kafin su duka, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana buga wasiƙun masu karatu.

Duk wannan zumunci a kan gidan waya ya tsaya. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Wanda ƙafarsa ba za ta kai ba, wasiƙa ce ta zame masa ƙafa.

Ba 'yan zaɓi-sonka kaɗai ba. A wannan yanki na arewacin Kano gonaki ƙanana ne, jama'a kuwa da yawa. Da an gama girbi samari sukan tafi ci-rani Legas, ko Ibadan, ko Fatakwal. Wasu suna aikin soja ko ɗan sanda a nesa. Kafin zuwan wayar hannu, labarin haihuwa da na rasuwa, da kuɗin taki, da takardar kiran yaro makaranta, da yawansu ta gidan waya suke zuwa.

Taƙaitaccen tarihi

Tun kafin zuwan Turawa ana aika wasiƙa a ƙasar Hausa. Sarakuna suna rubuta wa juna da Larabci, a buga hatimi, a ba manzo ya kai a kan doki ko a ƙasa. Talaka kuwa sai ya jira fatake ko wani matafiyi ya ba shi saƙon baka.

Tsarin da ake bi yanzu daga Ingila ya taso. A da, a can, yawanci wanda aka aika wa wasiƙa shi ne yake biya, kuma kuɗin yana ƙaruwa da nisan tafiya. A 1840 aka sake tsari bisa shawarar wani mutum mai suna Rowland Hill. Mai aikawa ne zai biya kwabo ɗaya, a manna wata 'yar takarda a bayan wasiƙar don shaida. Hoton kan Sarauniya Biktoriya ne a jikin takardar.

An buɗe gidan waya na farko a Legas a 1852. Na Lakwaja kuma a 1899. A 1900 aka fito da takardun mannawa na Nijeriya ta Arewa, su ma da hoton kan Sarauniya. Bayan rasuwarta aka riƙa sa hoton kan sarakunan Ingila da suka biyo baya. Daga nan Hausawa suka samo sunan kan sarki. Shi kuma sunan gidan waya ya samo asali ne daga wayar ƙarfe da ake ja a kan turaku don aika saƙon gaggawa, domin a gida ɗaya ake karɓar saƙon waya da wasiƙa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tafiyar wasiƙa zuwa kudu ta ragu daga makonni zuwa kwanaki. A 1936 jirgin sama ya fara ɗaukar wasiƙu tsakanin Kano da Hartum ta ƙasar Sudan, daga can su wuce Ingila. Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, akwai manyan gidajen waya 176 a ƙasar, da wakilai kimanin 1,000 a ƙananan garuruwa.

A wancan zamani ma'aikata ɗaya ce take kula da wasiƙa da tarho, ana kiranta P&T. A 1985 aka raba ta biyu. NITEL ta ɗauki tarho, NIPOST ta ɗauki wasiƙu da ƙunshin kaya.

Akwai kuma ƙungiyar gidajen waya ta duniya, wadda aka kafa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan ranar 9 ga Oktoba, 1874. Ƙasashe 192 ne a cikinta, Nijeriya ta shiga a 1961. Saboda yarjejeniyar wannan ƙungiya ne kan sarkin da aka saya a Kano yake isar da wasiƙa har Makka ko Landan, ba sai an sake biya a hanya ba. Ranar 9 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar gidan waya ta duniya.

Yadda wasiƙa take tafiya

Wasiƙa tana bi ta hannaye uku kafin ta isa.

Hannu na farko shi ne na mai aikawa. Shi ne zai rubuta adireshi, ya biya kuɗin kan sarki, ya miƙa.

Hannu na biyu shi ne na ma'aikatan gidan waya. Su ne za su buga hatimi mai ɗauke da sunan gari da kwanan wata. Sai su ware wasiƙu gari-gari, su zuba a jaka, mota ta kai babban gidan waya na Kano. A can a sake warewa, kowace jaka ta kama hanyarta.

Hannu na uku shi ne na mai karɓa. A ƙauye ba a bin gida-gida ana rabon wasiƙa, domin babu sunan titi, babu lambar gida. Wasiƙa takan tsaya ne a akwatin makarantar firamare, ko na sakatariyar ƙaramar hukuma, ko na ofishin hakimi. Daga nan sai an sami wanda zai buɗe akwatin ya kai wa mai ita.

Ra'ayoyin jama'a

Idan aka ta da zancen gidan waya a majalisa, bakin mutane ba ya zama ɗaya.

Masu yabo sukan ce, da ɗan kuɗi kaɗan talaka yake aika saƙo inda kuɗin mota ba zai kai shi ba. Sukan ce wasiƙa shaida ce, ana ajiye ta shekara da shekaru, ba kamar saƙon baka ba da ake ƙara masa gishiri a hanya. Tsofaffin 'yan zaɓi-sonka da yawa suna nan da hotuna da kalandun da aka aiko musu daga gidajen rediyo masu nisa.

Masu kuka kuma sukan ce wasiƙa tana daɗewa. Wani an kira shi ganawar neman aiki, takarda ba ta iso ba sai bayan ranar ta wuce. Wani ya ce an aiko masa kuɗi a ambulan, ambulan ta iso, kuɗi ba su iso ba. Wani kuma ya ce gidan waya ya yi wa ƙauyensu nisa, kuɗin motar zuwa ya fi kuɗin kan sarki.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Inda aka sami ƙarancin motoci, ko lalacewar hanya da damina, ko ma'aikacin da ba ya tsoron cin amana, dole aiki ya yi rauni. Wanda aka biya kuɗi don ya kai saƙo, wajibi ne ya kai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai dai kuma an ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasiƙu da yawa tun daga hannun mai aikawa suke ɓata. Wasu kuma sun iso lafiya, amma suka kwana wata guda a aljihun wanda aka ba ya kai. Cikin hannaye ukun nan, biyu na jama'a ne. Idan aka gyara su, an rage kuka da yawa.

Inda ake yin kuskure

A ɗauki misali. Mutum yana Legas, ya rubuta a bayan ambulan: Malam Wane, Dawaki, Kano. To wace Dawakin? Akwai Dawakin Tofa a arewa da birni, akwai Dawakin Kudu a kudu. Ma'aikacin da ke warewa ba shi da hanyar sani.

Haka Tudun Wada. Akwai ƙaramar hukumar Tudun Wada a kudancin jihar Kano, akwai unguwar Tudun Wada a cikin Kano, akwai ta Zariya, akwai ta Kaduna. Sabon Gari kuwa kusan kowane babban gari yana da nasa.

Wani kuskuren shi ne na sunan jiha. Kazaure maƙwabciyar Ɗambatta ce, amma tun 1991 tana cikin jihar Jigawa. Daura kuma tun 1987 tana cikin jihar Katsina. Wanda ya rubuta tsohuwar jiha ya sa wasiƙarsa zagaye.

Sai kuma sunan mutum. A ƙauye ɗaya ana iya samun Musa biyar. Idan ba a sa sunan uba ko laƙabin da aka san mutum da shi ba, wasiƙa za ta yi ta yawo, kowa ya buɗe ya ce ba tasa ba ce.

Yadda ake rubuta adireshi

Ga tsarin da ya kamata a bi. Kowane abu da layinsa, a tsakiyar ambulan:

Malam Wane ɗan Wane,
Ta hannun Hedimasta,
Makarantar Firamare ta Gari Kaza,
P.O. Box lamba kaza,
Ƙaramar Hukumar Bichi,
Jihar Kano.

P.O. Box shi ne akwatin gidan waya. P.M.B. kuma ita ce jakar gidan waya, wadda manyan ma'aikatu da makarantu suke karɓa. Idan wasiƙar za ta fita ƙasar waje, a ƙara sunan ƙasa a layin ƙarshe.

Akwai kuma lambar yanki mai alƙaluma shida. Ta babban gidan waya na Kano ita ce 700001. Ta Kaduna 800001, ta Legas 100001, ta Abuja 900001. Kowane yanki da tasa. A tambayi ma'aikacin gidan waya lambar garin da za a aika wa, domin matambayi ba ya ɓata.

Wanda ya fi sabawa da ajami yana iya rubuta cikin wasiƙarsa da ajami. Amma bayan ambulan sai da boko, domin wasiƙar za ta bi ta hannun waɗanda ba su karanta ajami.

Ƙa'idoji bakwai

1. A rubuta adireshi da manyan baƙaƙe, da biro. Fensir yana gogewa.

2. A rubuta sunan mai aikawa da adireshinsa a ɗaya gefen ambulan. Idan ba a sami mai ita ba, za a san inda za a mayar.

3. A ƙara lambar wayar mai karɓa a ƙarƙashin adireshi, don a kira shi idan saƙo ya iso.

4. A bari a auna wasiƙar a sikeli, a biya cikakken kuɗi. Kuɗin yana bin nauyi da inda za ta.

5. Kada a sa tsabar kuɗi a ambulan ko kaɗan. Kuɗi ta banki ake aika su.

6. Takarda mai muhimmanci, kamar takardar shaidar makaranta ko ta gona, a yi mata rajista. Za a ba da rasit mai lamba, kuma sai mai karɓa ya sa hannu. A adana rasit ɗin. Idan saƙo ya yi jinkiri, da shi ake bin sawu. Mai gaggawa kuma akwai sashen EMS, ya fi sauri, ya kuma fi tsada. Kafin a aika, a yi hoton takardar a ajiye a gida.

7. Idan an ga alamar an buɗe saƙo, kada a tsaya gunaguni a majalisa. A je wurin shugaban gidan wayar da rasit, a kai kuka a rubuce, a sa kwanan wata.

Aikin ƙauye

Hannu na uku gyaransa yana wurin jama'ar gari. Ƙungiyar manoma, ko ta matasa, ko ajin yaƙi da jahilci, suna iya haɗa kuɗi su kama akwati ɗaya a gidan waya mafi kusa. A zaɓi mutum mai amana a ba shi mabuɗi. A sa masa rana, misali kowace ranar kasuwa, ya je ya duba. A sayi littafi, duk wasiƙar da ta zo a rubuta ranar zuwanta da sunan mai ita, shi kuma ya sa hannu idan ya karɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda aka ba wasiƙar wani ya sani amana ce. Ba a buɗewa, ba a ajiyewa sai an ga dama. A da, mutum yakan biya malamin rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, idan amsa ta zo kuma ya nemi mai karanta masa. Ta haka asirin gida yake fita. Wanda ya koyi karatu da rubutu ya huta da wannan. Zai rubuta abinsa, ya karanta abinsa, ya kuma duba hatimi ya san ranar da aka aiko. Da wannan kwanan wata zai gane ko a hanya wasiƙar ta daɗe, ko a aljihun ɗan aike.

Yau da gobe

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. Tun daga nan wasiƙun gaisuwa suka ragu ƙwarai. Ɗan ci-rani yanzu kira yake yi, masu sauraron rediyo kuma saƙon waya suke turawa. Mutane da yawa sukan kai ƙunshinsu tasha su ba direba. Wannan yana da sauri, amma sau da yawa babu rasit, idan kaya ya ɓace sai rantsuwa.

Duk da haka akwai abin da waya ba ta ɗauka. Ba ta ɗaukar ainihin takardar shaida mai hatimi. Ba ta ɗaukar littafi ko ƙunshin tufafi. Masu tsofaffin motoci na Ingila da Amurka suna da waya da intanet, amma ƙungiyoyinsu da dama ba su daina aika mujalla ta gidan waya ba. Kamar tsohuwar Fijon nan ce ta hanyar Dawanau. Idan mai ita ya san ta, yana kula da ita, za ta kai kaya kasuwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kiran takardar da ake mannawa a ambulan kan sarki?
2. A wace shekara aka raba P&T gida biyu?
3. Faɗi hannaye uku da wasiƙa take bi kafin ta isa.
4. Me ya sa bai isa a rubuta Dawaki kawai a adireshi ba?
5. Mene ne amfanin rasit ɗin rajista?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya sami farar takarda, ya zana siffar ambulan. Ya rubuta cikakken adireshinsa yadda wani da ke Legas zai aiko masa saƙo ya same shi. A kawo wa malamin aji ya duba. Wanda nasa ya yi daidai, ya kwafe shi a bangon littafinsa, ya kuma aika wa ɗan'uwansa da ke nesa.